Kogon Sterkfontein: Shinge Ba Ya Tsayar Da Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa

A watan Afrilun 2025 aka sake buɗe kogon Sterkfontein, mai tazarar kimanin kilomita 50 daga Johannesburg, bayan ambaliyar ƙarshen 2022 ta sa an rufe shi. Tun 1999 UNESCO ta sanya yankin cikin wuraren tarihi na duniya. A nan Robert Broom ya tono, a 1947, ƙoƙon kan wata halitta mai kama da mutum da masana suka ce ta haura shekara miliyan biyu.

Ruwa ne ya sassaƙa kogon. Ruwan sama yana ɗauke da ɗan tsami, wanda ke cin dutsen farar ƙasa sannu a hankali har ya buɗe ramuka da hanyoyi a cikinsa. Saboda haka dutsen tamkar rariya yake, duk abin da aka zuba a sama sai ya gangara. A 2002 gurɓataccen ruwa daga tsofaffin ramukan zinariya na West Rand ya ɓullo, ya bi rafi ya nufi yankin. Ramukan suna wajen iyakar da aka shata, amma ruwan bai nemi izinin kowa ba, sai da gwamnati ta shiga ɗawainiyar zuƙe shi da tace shi. Jemagu ma ba su da juriya: yawancinsu ɗa ɗaya suke haifa a shekara, idan aka tarwatsa kogon da suke haihuwa, manoma sun rasa masu cinye musu ƙwari na tsawon shekaru.

Abin ya shafi Abuja kai tsaye. Tsarin mulki ya damƙa ma'adinai a hannun Gwamnatin Tarayya, kuma farar ƙasarmu, daga Kalambaina zuwa Ashaka, Obajana da Mfamosing, da idon siminti kaɗai muke kallonta. Ba laifi ba ne, ƙasa na buƙatar gini. Sai dai jami'in da ke duba takardar neman lasisi taswirar fili yake gani, ba ya ganin inda ruwa ke bi a ƙasa. Kamata ya yi rahoton tasirin muhalli ya nuna kogwannin da ke wurin da mashigar ruwansu kafin a sa hannu. Kogon Ogbunike na Anambra, duk da sunansa, tun 2007 yake jerin jiran UNESCO, balle waɗanda ba a ko ƙidaya ba.