Ƙatuwar agwagwar daji: mu yi tambaya kafin mu saya



Idan ruwa ya kwanta a tabkunan Dallol Bosso, mahalba kan shigo kasuwar Lahadi ta Filinge da agwagin daji. Wata sai ka ga ta kusa ɗan akuya, ana ta cewa agwagwar Turai ce. To, mu a ganinmu girman tsuntsu bai isa ya sa mu zaro jikkunanmu ba, sai mun san asalinsa.

Agwagwar Turai ta ainihi, wadda namijinta ke da koren kai, da wuya ta wuce kilo 1 da rabi, kuma ba kasafai take ƙetaro hamadar Sahara ba. Saboda haka idan aka ɗora mana mai kilo 5 ko 6, mu sani dinya ce, tamu ta gida, wadda ta fi duk agwagin dajin Afirka girma. Ita kuwa da damana take ƙwai. Wanda ya halbe uwa a wannan lokaci ya kashe har da ƴaƴan da ba a ƙyanƙyashe ba, baɗi kuma tabkin ya zama kango.

Hukuma ba ta yi shiru ba. Doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 ita ta tsara farauta a Nijar: sai da takardar izini, kuma akwai lokacin buɗewa da na rufewa. A shekarar 2004 an saka wani yanki na Dallol Bosso cikin jerin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa. Amma ma'aikatan gandun daji ba su iya tsaron kowane tabki na ƙasar Kurfai. Mai saye shi ne babban mai tsaro, domin abin da kasuwa ta ƙi, mahalbi ba ya ɓata harsashinsa a kai.

Sai maganar lafiya, wadda ta fi shafar jarinmu. Ba mu manta da watan Fabrairu na 2006 ba, lokacin da masassarar tsuntsaye ta ɓulla a Magarya, a jikin agwagin gida. An kashe kaji, mutane sun guji naman, mata da yawa sun ga jarinsu ya narke. Tsuntsayen ruwa na daji suna iya ɗauke da wannan cuta ba tare da alama ba. Dafuwa sosai tana kashe ƙwayar, amma haɗarin yana wurin figa, da jini, da kashin tsuntsun da kajinmu za su tona.

Don haka kafin ciniki mu yi tambaya uku: a wane tabki aka samo ta? Yaushe? Halbinta aka yi aka yanka, ko tsintar ta aka yi a mace? Wanda ya kasa amsawa, ya koma da kayansa. Kada mu haɗa tsuntsun daji da kajin sayarwa a keji guda, kada mu bar yara su yi figa. Idan muka ga tsuntsaye suna mutuwa a bakin tabki, mu gaggauta sanar da likitan dabbobi.

Mahalba ƴan'uwanmu ne, ba mu ce su bar sana'ar kakanninsu ba. Roƙonmu su jira damana ta wuce, ƴaƴan su yi fiffike, su kuma riƙe takardarsu. Ribar jika biyu ta yau ba ta kai kejin kaji guda ba.

Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya ba mu kasuwa mai albarka.