Mu Ƙidaya Matattunmu Domin Masu Rai

In mutum ya rasu a ƙasarmu, sai mu ce ajali ne, mu binne, mu watse. Ba mai rubuta abin da ya kashe shi. A ganina wannan sakaci ne.

Ku tuna da shekarar 2010. Yara suka yi ta mutuwa a Duza, Dareta, Abare da 'Yargalma. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan mace-macen, aka auna jini, sannan aka gane gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Lissafi ne ya ceci saura.

To, giya da ciwon daji fa? Su ma suna kisa, amma a hankali, cikin kunya. Tun shekarar 2000 aka hana sayar da giya a Zamfara, sai mashayi ya koma sha a ɓoye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce giya ta kashe mutum miliyan 2.6 a 2019. Likitoci kuma sun tabbatar tana jawo ciwon daji na hanta da na maƙogwaro. A Ibadan, tun 1960 ake rajistar masu ciwon daji.

Dattawan ikkilisiya, muna da littafin baftisma da na aure. A ƙara na rasuwa: shekarun mamaci da dalilin da likita ya faɗa, ba sai an sa suna ba. A kai wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Ku kuma ɗalibai, ku ne masu alƙalami a gidajenku. Ku riƙa tambaya, ku riƙa rubutawa.

Allah ya taimake mu.