Rabon ma'aikatan lafiya: a auna aikin kafin a tura mutum

Duk lokacin da shugabannin al'umma suka kawo koke gaban hukuma kan asibitocin karkara, magana ɗaya ce ke maimaita kanta, wato babu isassun ma'aikata. Koken gaskiya ne. Tun a rahotonta na 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasar da ba ta da likitoci da ma'aikatan jinya da ungozoma 23 ga kowane mutum 10,000 tana cikin matsanancin ƙaranci, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen da ta lissafa. Sai dai wanda ya zaga ƙananan hukumomi zai ga wata matsala da ke ɓoye a ƙarƙashin wannan. A asibitin hedikwata ma'aikata kan yi yawa har wasu su rasa kujerar zama, alhali a ƙauyen da ke nesa da kwalta mutum ɗaya ne ke duba marasa lafiya, ya ba da magani, ya yi rigakafi, sannan ya cike rajista. 'Yan kaɗan ɗin da muke da su ma ba a raba su bisa nauyin aiki ba.

Akwai hanyar auna wannan nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ita a 1998 da sunan WISN, ta kuma sabunta ta a 2010. Lissafin bai fi ƙarfin shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma ba. Da farko a gano sa'o'in da ma'aikaci ke da su a shekara. Daga kwana 365 a cire Asabar da Lahadi, da ranakun hutun gwamnati, da hutun shekara, da kwanakin jinya da na bita. Abin da kan saura bai wuce kwana 210 ba, wato kimanin sa'a 1,680 idan ana aikin sa'a takwas a rana. Daga nan sai a ɗauko rajistar asibitin a ƙirga aikin da aka yi a bara, a kuma kimanta mintunan da kowane aiki ke ci idan an yi shi yadda ya kamata.

Bari mu buga misali. A ce wani asibiti ya yi awon ciki sau 3,000, kowanne minti 20, sa'a 1,000 ke nan. Ya karɓi haihuwa 300, kowacce ta ci sa'a huɗu, sa'a 1,200. Ya yi allurar rigakafi 6,000, minti biyar-biyar, sa'a 500. Jimla sa'a 2,700, ba a ma sa rubuta rahoto da halartar taro da fita unguwanni ba. Wannan aikin mutum biyu ne cur. Idan ma'aikaciya ɗaya ce a wurin, to tana ɗauke da kayan mutum biyu, kuma abin da zai fara raguwa shi ne lokacin da take ba kowace mai ciki: a bar gwajin hawan jini, a bar tambayar da za ta tona haɗari. Idan kuwa su takwas ne a kan aiki iri ɗaya, ana biyan albashin mutum shida ba tare da jama'a sun amfana ba.

Wani abin da lissafin ke fito da shi ya fi wannan nauyi. Naƙuda ba ta jiran gari ya waye. Shekara tana da sa'a 8,760, saboda haka kafin a samu ungozoma a bakin aiki dare da rana sai an tanadi mutum biyar ko fiye. Wannan ne ya sa manufar samar da cikakken asibiti ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa ta fi hikima a kan warwatsa ma'aikata ɗai-ɗai a ɗakunan shan magani da ake kullewa da la'asar. Kowane gari yana son nasa ginin, kuma ba laifi ba ne, amma gini ba ya karɓar haihuwa.

An taɓa gwada cike giɓin daga sama. A 2009 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin tura ungozoma karkara, inda aka ɗauki sababbin da suka gama makaranta da marasa aiki da waɗanda suka yi ritaya, aka tura su asibitoci 652, huɗu-huɗu. Aka raba alawus tsakanin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma, aka ɗora wa ƙaramar hukuma samar da masauki. A wuraren da jiha ko ƙaramar hukuma ta gaza sauke nata kason, da yawa daga cikin ungozoman sun tattara sun koma gida. Takardar canjin wurin aiki ba ta zaunar da ma'aikaci inda babu ɗakin kwana da ruwan sha da tsaro, balle matar aure da 'ya'yanta ke makaranta a birni.

Sai kuma batun wane ne ke da ikon yin canjin. A da, ma'aikatan asibiti guda suna iya kasancewa ƙarƙashin iyayen gida uku ko huɗu. Jihar Jigawa ta yi ƙoƙarin haɗe su da tsarin Gunduma a 2007, sannan a 2011 Majalisar Lafiya ta Ƙasa ta amince da manufar tattara kiwon lafiya matakin farko ƙarƙashin hukuma ɗaya a kowace jiha. Hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ya sake taso da tambayar. A ganinmu, ko wa ke biyan albashi, ya kamata jerin sunayen ma'aikata ya zama ɗaya, kuma kowane canji ya dogara da alƙaluman rajista. Mun san yadda takardar wani babba kan dawo da ma'aikaci gari kafin ya kwance jakarsa. Shugaban da ke riƙe da lissafi a hannu ya fi samun bakin cewa a'a.

Lissafin yana da nasa rauni, kuma wajibi ne jami'ai su kiyaye. Rajista tana nuna waɗanda suka zo ne kawai. Asibitin da ya daɗe ba ma'aikaci, jama'a sun yanke ƙauna da shi, rajistarsa za ta nuna kamar babu aiki, don haka dole a dubi yawan al'ummar mazaɓar da nisanta da babban asibiti. Haka kuma aiki ba ya tafiya daidai duk shekara: daga Agusta zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro kan cika asibitoci da yara, ranar kasuwa ma ta sha bamban da sauran ranaku. Ana iya tsara hutun shekara ya kauce wa damina, a kuma riƙa aro ma'aikaci daga hedikwata a ranar kasuwa ba tare da an ɗauki ko mutum ɗaya sabo ba.

A nan ne kwamitocin ci gaban mazaɓu da masu unguwanni da dagatai ke da rawar takawa. Su ne suka san ranakun da asibiti ke buɗe da ranakun da yake kulle, da sunan da ke kan takarda amma ba a taɓa ganin fuskar mai shi ba. Idan za su kai koke, su tafi da adadin haihuwa da awon ciki na watanni goma sha biyu da suka wuce, su kuma nemi a nuna masu na asibitin hedikwata.