A bar yaran nan su karanta Faransanci da tarihi

Tun bayan harin 5 ga Disamba 2013 da ayarin motocin da suka kwashe jama'armu zuwa Chadi da Kamaru a farkon 2014, Kilomita Biyar ta samu 'ya'ya masu yawa da suka girma a waje. Yaran da aka ɗora bisa kaya a wancan lokaci, yau wasunsu sun ci bakaloriya, sun shiga jami'a a Ngaundere, Injamena, Yamai ko Dakar. Idan yaro ya ce likitanci ko lissafin kuɗi zai karanta, gida ya ɗauki murna. Idan ya ce Faransanci da tarihi, sai uba ya tambaye shi ta waya: "To, tarihi ake ci?"

Na fahimci uban. Shi ke aika sefa duk wata daga ribar rumfa, ga kuɗin ɗaki, ga takardar zama a ƙasar mutane. Kuma harshen wa za a karanta? Na waɗanda sojojinsu suka bar Bangui a Disamba 2022, mutane da dama na cewa Allah raka taki gona. Duk da haka ina ganin yaron ya fi uban gaskiya.

Babbar kalmar da aka jefe mu da ita a rikicin nan ita ce "baƙi". Ba a karya wannan kalma da ihu a kasuwar Mamadou-Mbaïki. Da takarda ake karya ta, takardar kuwa da Faransanci take. Sango muke ciniki da shi, da shi muke gaisawa da maƙwabta, amma takardar haihuwa, shaidar ɗan ƙasa, takardar fili da hukuncin alƙali duk da Faransanci ake rubuta su. Kotun hukunta manyan laifuka ta musamman da aka kafa a 2015 ma haka. Wanda aka rushe masa gida a Boeing ko Miskine, in ba shi da ɗa mai iya karanta dosiye layi-layi, sai ya dangwala hannu kan abin da wani ya fassara masa yadda ya ga dama.

Tarihin ya fi wannan nauyi. Faransawa sun kafa Bangui a 1889. Rahotannin kwamandojinsu, ƙidayar masu biyan haraji, labarin fataken da ke saukowa daga Adamawa da Barno da Wadai, yawancinsu suna ajiye a gidan adana takardun mulkin mallaka da ke Aix-en-Provence, a kudancin Faransa. A can mai bincike zai nemi ranar da kakanninmu suka fara bayyana a rubuce, tun kafin 'yancin kai na 13 ga Agusta 1960. Wa ke zuwa ya buɗe akwatunan nan? Pierre Kalck, tsohon jami'in mulkin mallaka, ya rubuta tarihin ƙasar nan. Dennis Cordell, Ba'amurke, ya rubuta na Darul Kuti a 1985. Sun yi aikinsu. Mu kuma muna jiran a ba mu labarin kanmu.

Kada a zaci abin da ke cikin akwatunan duk mai daɗi ne. Sarki Sanusi na Ndele, wanda Faransawa suka kashe a 1911, ya kwashi bayi daga ƙabilun Banda da maƙwabtansu, kuma jikokinsu ba su manta ba. 'Yan siyasa sun sha ɗauko wannan tabo su shafa wa mai sayar da goro a Koudoukou, wanda kakansa bai taɓa ganin Ndele ba. Yaron da ya yi karatun tarihi zai amsa cewa an yi hakan, sannan ya ajiye kusa da shi zaluncin kamfanonin roba da René Maran ya tona a littafinsa Batouala a 1921, André Gide kuma ya gani da idonsa ya buga a 1927. Wanda bai karanta ba, musu kawai zai yi, musu kuma ba ya cin shari'a.

Zaman waje ma riba ne a wannan fanni. Ɗalibin Ngaundere yana zaune kan hanyar da fatakenmu suka bi, ga kuma aikin Eldridge Mohammadou, wanda ya bi fadodin Adamawa yana tattara tarihin baka. Na Yamai yana da rubuce-rubucen Larabci da ajami a cibiyar bincike ta jami'ar Abdou Moumouni. Yaron da ya yi allo tun yana ƙarami zai karanta su, ya kwatanta da abin da kwamanda ya rubuta. Turawan da suka riga shi kaɗan ne ke da idanu biyun nan.

Ban ce kowa ya bar likitanci ba, muna bukatar likita ko a daren yau. Roƙona ga manyan 'yan kasuwa da kwamitocin masallatai shi ne, cikin ɗaliban da suke ɗaukar nauyi, su ware ko biyu su kai su har digirin dakta a tarihi. Sharaɗi ɗaya a gindaya musu: duk hutu su ɗauki waya su zauna gaban tsofaffinmu, na unguwa da waɗanda suka maƙale a Garwa-Bulai, su naɗi sunan mai unguwar farko, wa ya gina wane masallaci, wace shekara aka sayi wane fili. Wasu gidajen takardunsu sun ƙone a 2014, tsohon da ya san abin da ke cikinsu kuma ya haura tamanin.