Sakkwato: Ina masaukin baƙin da ke zuwa ayari-ayari?

Ba kasafai mai ziyara ke zuwa Sakkwato shi kaɗai ba. Masu zuwa Hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, kan zo ne mota-mota, maza da mata da yara, wasu daga Kano da Ilori, wasu daga Jamhuriyar Nijar ta kan iyakar Illela. Haka ma 'yan biki da iyayen ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a lokacin yaye ɗalibai.

To sai dai masaukan birnin, kama daga manyan otal irin su Giginya da Shukura har zuwa ƙananan gidajen saukar baƙi, an tsara su ne ɗaki-ɗaki, domin mutum ɗaya ko biyu. Iyalin da suka kai mutum 20 sai sun kama ɗakuna kusan goma, sannan su sayi abinci sau uku a rana. Wannan ya sa da yawa ke raɓewa a gidajen 'yan uwa, ko su juya a ranar, su tafi da kuɗin da ya kamata su kashe a garin.

A Turai an daɗe da toshe wannan giɓi. A Faransa, tun 1955 aka kafa ƙungiyar Gîtes de France, wadda ke taimaka wa mutanen karkara su gyara tsofaffin gidajensu su bayar haya ga masu hutu. A Ingila, musamman yankunan bakin teku irin su Cornwall da Devon, dangi kan kama gida sukutum na mako guda, su yi cefane su dafa abincinsu da kansu.

Abin lura shi ne, wannan tsari ya fi dacewa da Bahaushe fiye da ɗakin otal. Gida mai zaure da tsakar gida, da sashen maza daban da na mata, da madafa da wurin salla, shi ne abin da magidanci mai tafiya da iyali ke nema. Kuma ba baƙon abu ba ne: a zamanin fatauci, fatoma ne ke sauke ayari a gidansa, ya tanadar musu wurin kwana da turken dabbobi, har ya haɗa su da masu sayen hajarsu.

Sakkwato ba ta da teku, amma tana da ruwa da tarihi. Akwai madatsar ruwa ta Goronyo a kan kogin Rima, akwai Wurno inda kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, akwai Tafkin Kwatto inda aka gwabza yaƙin 1804. Argungu kuma, wadda ta koma jihar Kebbi a 1991, tafiyar kimanin kilomita 100 ce, kuma bikinta na kamun kifi ya shiga jerin al'adun duniya na hukumar UNESCO a 2016.

Matsalar ita ce tsaro, kuma ba ƙarama ba ce. A watan Oktoban 2021 'yan bindiga sun kashe mutane fiye da 40 a kasuwar Goronyo. A ƙarshen 2024 rundunar sojan Nijeriya ta tabbatar da ɓullar 'yan Lakurawa, waɗanda suka yi sansani a yankunan Tangaza da Gudu, wato daidai inda Shehu ya yi hijira. Babu mai hankalin da zai kwashi mata da yara ya kai su kwana a irin waɗannan wurare, haka kuma babu mai jarin da zai gina. Hatta bikin Argungu sai da ya yi shekara goma ba a gudanar da shi ba kafin ya dawo a 2020.

Don haka idan wannan sana'a za ta kafu, daga cikin birni za ta fara, ba daga ƙauye ba. A nan ma da sauran aiki. A garin da zafi ke wuce maki 40 a watan Afrilu, gidan da ba shi da rijiyar burtsatse da lantarki mai aiki da hasken rana ba zai ga baƙo sau biyu ba.

Akwai kuma batun unguwa. A Cornwall mazauna na kukan cewa gidajen hutu sun tsauwala kuɗin haya har 'ya'yansu na barin garuruwansu. A Sakkwato, inda ake aiki da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, damuwar maƙwabta za ta fi karkata ga sanin su wane ne ke shiga gidan, da abin da ake yi a ciki. Fatoma na da ya san kowane baƙonsa, kuma shi ake tuhuma idan baƙon ya yi ɓarna. Kafin gwamnatin jihar ta yi maganar jawo masu yawon buɗe ido, sai ta fayyace wanda zai ɗauki wannan nauyi a yau: mai gidan ne, mai unguwa ne, ko kuwa wata hukuma da za ta riƙa yi wa irin waɗannan gidaje rajista.