RA'AYINMU: A Yanke Sharaɗi Kafin A Raba Kati

Duk wanda ya saba ratsa majalisun samari a birnin Katsina bayan sallar isha'i, daga Kambarawa har ɗakunan kwanan ɗalibai, ya san irin hayaniyar da kan tashi a kan wasan Whot. Abin lura shi ne, da wuya a ji ana gardama a kan darajar kati. Kowa ya amince cewa lamba 2 tana sa na gaba ya ɗebi biyu a kasuwa, lamba 14 kuwa tana tura kowa kasuwa. Rigimar kullum a kan lokaci take: wa ya riga wa, kuma yaushe ne damar mutum ta wuce?

Wasan nan dai wani Bature ne, William Henry Storey, ya fito da shi a Ingila a 1935. Da ya iso ƙasarmu sai kowace majalisa ta yi masa nata kwaskwarima, ba tare da an rubuta kome ba. A wani wuri ana tare lamba 2 da wata 2, a wani wurin kuwa ba a yarda ba. Wasu sun ce dole ka furta "las kad" kafin ka saki katinka, wasu sun ce ko bayan ka saki ya yi. To, ɗalibai daga garuruwa dabam-dabam suke, kowa da abin da ya taso ya tarar. Shi ya sa akan wayi gari abokai biyu ba sa ga maciji saboda wasan da ko sisi ba a sa a cikinsa ba.

Ba mu kaɗai muka gamu da wannan matsala ba. A 1993 wani masanin lissafi a Amurka, Richard Garfield, ya ƙirƙiro wasan Magic: The Gathering, inda kowane ɗan wasa yake tara katunansa na dodanni da tsafe-tsafen almara, kuma yana iya jefa kati ko da ba yinsa ba ne. Wannan dama ta jawo ruɗani mai yawa, har a 1999 kamfanin Wizards of the Coast ya sake fasalin dokokin. Aka ce mai yi shi ke da ikon fara jefawa. In ya jefa, katin ba zai yi aiki nan take ba, sai an ba abokin karawa damar mayar da martani. Katunan sukan hau kan juna tamkar tulin faranti, kuma na sama, wato wanda aka jefa daga ƙarshe, shi ke fara aiki. Misali, in ka jefa katin da zai kashe dodona, ni kuma na ɗora wanda zai ƙara masa ƙarfi, nawa ne zai fara ci, dodon ya tsira. Babu ɗaga murya, domin tun kafin a zauna kowa ya san layinsa.

Kakanninmu ma ba su jahilci wannan hikima ba. A wasan dara, mai gurbi 30 da 'ya'ya 12 ga kowane ɓangare, ba a yarda ka jera uku ka ci ba tun ana cikin zubawa. Sai an gama zuba 'ya'ya duka sannan a fara ci. Dokar lokaci ke nan, kuma ita ta sa dattawa kan yini a gindin bishiya suna bugawa su tashi lafiya.

Bisa ga haka muna ba 'yan'uwa ɗalibai shawara uku. Na farko, kafin a raba kati a faɗa a fili ko ana tare lamba 2 da lamba 5, kuma ikon tarewa na wanda aka jefa wa ne kaɗai, muddin hannunsa bai taɓa kasuwa ba. Na biyu, damar kama wanda bai furta "las kad" ba ta ƙare da zarar na gaba ya jefa nasa. Na uku, katin da ya taɓa tabarma ya tafi ke nan. Muna kuma roƙon sakataren wasanni na ƙungiya ya rubuta waɗannan a takarda guda, a manna a ɗakin hutawa.

Wani zai ce, a kan wasa kawai ake wannan dogon bayani? Mu kuwa muna ganin wanda ya saba sauya doka bayan ya leƙa abin da ke hannunsa, haka zai yi ranar da aka damƙa masa akwatin zaɓe ko kujerar shugabancin taro. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya sa mu gyara.