Wa Ya Yi wa Sabo Bakin Zuwo Hisabi?

Yawancinmu ɗalibai ba mu san Alhaji Sabo Bakin Zuwo ba sai a bakin masu ba'a da Turancinsa. Wannan kuwa rashin adalci ne ga tarihi, domin mutumin ya mulki iyayenmu na Farin Dutse da Gwaram da Birnin Kudu tun kafin a cire Jigawa daga Kano a 1991.

Ɗan NEPU ne tun asali. Ya shiga Majalisar Dattawa a 1979 a ƙarƙashin PRP, sa'an nan ya kada Abubakar Rimi a zaɓen gwamna na 1983. Ya hau ranar 1 ga Oktoba, soja suka sauke shi ranar 31 ga Disamba. Cikin wata ukun nan ya soke masarautun da Rimi ya ɗaukaka, har da ta Dutse. Daga bisani kotun soja ta ɗaure shi a kan dukiyar jama'a.

To, a nan ne maganarmu take. Rumawan dā su ma daga majalisar dattawa suke tura gwamna lardi. Beres ya riƙe tsibirin Sisili shekara uku, ya yi masa ƙarƙaf. Da ya sauka, mutanen Sisili da kansu suka nemi lauya Sisero, suka gurfanar da shi a shekara ta 70 kafin Miladiyya, har ya tsere gudun hijira tun shari'a ba ta ƙare ba. Ba tsarkake Rum muke yi ba, ƙasar bayi ce, kuma azzalumai da yawa sun sha. Amma dai waɗanda aka mulka su ne masu ƙara.

Mu fa? Ko Sabo ya ci ko bai ci ba, babu wanda ya tambayi manomin Farin Dutse. Masu bindiga ne suka kama, suka yanke. Haka a 1993 soja suka sauke Ali Sa'ad Birnin Kudu ba da shawararmu ba. Yau kuma sashe na 308 na tsarin mulkin 1999 ya kāre gwamna muddin yana kan kujera, in ya sauka sau da yawa sai ya zarce Majalisar Dattawa, hanyar da Saminu Turaki ya bi a 2007.

Muna kira ga Majalisar Dokokin Jigawa da ta kafa doka: duk gwamna mai barin gado ya zo Gwaram da Birnin Kudu da sauran ƙananan hukumomi 25 ɗauke da lissafin abin da ya karɓa da abin da ya kashe, a karanta da Hausa a bainar jama'a, a kuma ba talaka damar yin tambaya.